Jirgin Ƙasa Da Masauki A Sifaniya: Ina Ya Kamata Dare Ya Riski Matafiyi?

Duk wanda ya dubi taswirar layin dogo ta Sifaniya zai ga ta yi kama da saƙar gizo-gizo mai cibiya a Madrid. A 1992 aka buɗe layin farko na jirgi mai gudun tsiya da ake kira AVE, daga Madrid zuwa Sevilla, kilomita 471. A 2008 dogon ya isa Barsalona, tafiyar kilomita 621 ta koma ta awa biyu da rabi. A yau irin wannan layi ya kusa kilomita 4,000, kuma in ban da Sin babu ƙasar da ta fi Sifaniya tsawonsa.

To amma wannan gudu yana da tarko. Na sha haɗuwa da 'yan'uwa malamai da suka je taro a Madrid, suka kama ɗaki ɗaya na mako guda, kullum su yi sammako zuwa wani gari su dawo da almuru. A ganina Toledo kaɗai ta dace da haka, domin kimanin rabin awa ce daga Madrid. Sauran garuruwan Andalus sai an kwana a cikinsu ake sanin su. Tsakar rana lokaci ne na cunkoson baƙi da zafin da kan wuce digiri 40 a watannin Yuli da Agusta. Mutanen gari kuwa ba sa cika tituna sai rana ta yi sanyi, abincin dare ma sai wajen ƙarfe tara.

Da za a tambaye ni, sai in ce a yada zango a Cordoba, wato Kurɗuba ta littattafanmu, mahaifar Alfazazi mai Ishiriniya. Tana kan mararrabar dogo: ƙasa da awa biyu daga Madrid, kimanin minti 45 zuwa Sevilla, awa guda zuwa Malaga, sannan tun 2019 jirgin yana kaiwa Granada. Daga tasha zuwa babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen 785, wanda aka mayar coci a 1236, tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Wanda ya kwana a lungunan da ke kewaye da shi zai shiga da farar safiya, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'arsu.

Game da tikiti, kamfanin gwamnati na Renfe ya daina cin karensa babu babbaka tun da Ouigo ya shigo a 2021, Iryo kuma a 2022. Farashi yana hawa da sauka ne gwargwadon ciniki, saboda haka mai sayen tikiti makonni kafin tafiya ya fi mai saye ranar tashi samun rangwame. A kula da sunan tashar da ke kan tikiti, domin Madrid tana da manyan tashoshi biyu, Atocha da Chamartin, kuma akwai tazara a tsakaninsu. Ana binciken kaya da na'ura, ana kuma rufe ƙofa 'yan mintoci kafin jirgi ya tashi.

Maganar masauki ita ce ta fi jan hankalina, watakila saboda sana'ata ta nazarin harshe. Kalmar hostal kan ruɗi wanda ya saba da Ingilishi, ya zaci ɗakin kwanan ɗalibai ne mai gadaje birjik. Wancan sunansa albergue. Shi hostal ƙaramin otal ne, galibi na iyali guda, mai ɗakuna kaɗan da sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa ya fi manyan otal kusa da tsakiyar tsohon gari. Sai dai a tambaya ko ɗakin yana da banɗaki nasa da na'urar sanyaya ɗaki, musamman a bazara.

Da ka shiga ɗakin, Larabci zai tarbe ka. Matashin kai almohada ne, daga almikhadda. Kuɗin haya alquiler, daga alkira'. Magajin garin da ka sauka kuwa alcalde, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da alƙali namu. A Granada har yanzu Corral del Carbon yana tsaye, funduƙi ne na ƙarni na 14 inda fatake ke sauka da hajarsu, dabbobi da kaya a ƙasa, mutane a bene. Bahaushen da ya san gidan fatoma ba ya buƙatar tafinta a wurin.

Mai ɗan hali ya gwada Parador ko da na dare ɗaya. Otal-otal ne mallakar gwamnati da aka soma a 1928, yanzu sun kusa 100, da yawansu a cikin tsofaffin fadoji da gidajen ibada. Na Granada yana cikin harabar Alhambra kanta, ɗakunansa kaɗan ne, don haka sai an kama tun da wuri. Haka ma tikitin shiga fadar sarakunan Banu Nasr, wanda ake rubuta wa sa'ar shiga. In ta wuce, ta wuce. Ni shi nake fara saye, sannan in tsara jirgi da ɗaki a kansa.

A guji Sevilla a makon Ista da lokacin bikin Feria da ke biye da shi, sai dai in bikin ne ya kai mutum, domin kuɗin ɗaki kan yi tashin gwauron zabo. A Barsalona kuma, inda allon tasha ke cewa sortida da harshen Katalan kafin ya ce salida, hayar gidaje ga baƙi ta zama abin rigima. Mazauna birnin suna kukan ta tsadantar musu da muhalli, kuma a 2024 hukumar birnin ta sanar da cewa za ta kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje kimanin 10,000 zuwa 2028. Can na fi son in sauka a otal mai rajista kusa da tashar Sants, inda jirgin safe zuwa Madrid ke tashi.