Google na jin tarin mutanen Ingila, amma yana jin namu?

Kafin mutum ya ga likita, sau da yawa ya riga ya tambayi wayarsa. Yaro ya kwana jiki da zafi, uwa ta rubuta alamomin a Google ƙarfe biyun dare. Tambayarta ita kaɗai ba ta nuna komai. Amma idan dubban iyaye suka rubuta kalmomi iri ɗaya cikin mako guda, to akwai cutar da ke yawo, kuma alamar kan bayyana tun kafin asibitoci su haɗa alƙalumansu.

A kan wannan tunani kamfanin Google ya buɗe Google Flu Trends a Amurka a 2008, don hasashen yaɗuwar mura mai tsanani. Da farko an yaba masa. Sai a hunturun 2012 zuwa 2013 ya ƙiyasta kusan ninki biyu na abin da hukumar CDC ta samu daga likitoci. Cikin dalilan akwai yawan rahotannin jarida, waɗanda suka sa masu ƙoshin lafiya ma suka shiga bincike. Kwamfuta ba ta iya bambanta mai ciwo da mai fargaba ba. A 2015 aka rufe shi.

A nan Ingila ba a watsar da dabarar ba. Masana a jami'ar UCL da ke Landan sun gina nasu tsarin, Flu Detector, hukumar Public Health England ta riƙa sa ƙiyasinsa a rahotonta na mako-mako, UKHSA kuma ta gaje ta a 2021. Jimillar yawan bincike ake dubawa, ba sunan kowa ba. A lokacin korona, binciken "ba na jin ƙamshi" ya hau tun watan Maris na 2020, alhali sai ranar 18 ga Mayu gwamnati ta sa rashin jin ƙamshi da ɗanɗano cikin alamomin cutar.

Mu masu aikin kantin magani mun ga ɗaya ɓangaren a Disamban 2022, lokacin Strep A. Cutar ta ƙaru da gaske, har yara sun rasu, amma tsoro ya fi ta gudu. Ruwan maganin penicillin da amoxicillin na yara ya yi wuyar samu. Shi ya sa hukuma ba ta dogara da intanet kaɗai. A Birmingham ƙungiyar UKHSA mai bin alamomin cuta kullum take, tana duba kiran 111, da zuwa wurin GP, da sashen gaggawa na asibitoci.

To ina mutanen zongo a wannan lissafi? Da kalmomin Turanci aka horar da tsarin. Baba da ke Moss Side ko Hajiya a Handsworth ba Google suke tambaya ba. Saƙon murya ake turawa ta WhatsApp zuwa Nima ko Aboabo, a ce a jiƙa kaza, ko a sha ƙwayar da wani ya taho da ita daga gida. Ban raina shawarar 'yan uwa ba, da ita aka raine mu. Sai dai ciwon da aka yi jinyarsa haka bai shiga Google ba, bai shiga 111 ba, bai shiga littafin GP ba. Cuta za ta iya zaga gidan suna da makarantar Islamiyya hukuma ba ta ji ba.

Ƙyanda ta nuna hatsarin. Ta ɓarke a Birmingham da kewaye daga Oktoban 2023, galibi cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma a Janairun 2024 UKHSA ta ayyana ta matsalar ƙasa baki ɗaya. Ku buɗe jan littafin yaro ku tabbata an yi masa allurar ƙyanda sau biyu. Kyauta ce, babba ma da ya tsallake zai iya karɓa. Idan kun ga zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, ku kira GP ko 111 kafin ku je, kada a yaɗa a ɗakin jira. A 111 kuna iya neman tafinta.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mafi yawan masu kamuwa a Birtaniya mutane ne da suka dawo daga ziyarar dangi a Afirka ta Yamma. Wanda ya dawo daga Kumasi a watan sanyi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, Google mura zai nuna masa, tunda ita ce ke gari. Duk zazzaɓi cikin shekara guda da dawowa, musamman watanni ukun farko, ku faɗi ƙasar da kuka je, ku nemi gwajin jini a ranar.