Sallar 2020 A Fatakwal Da Anaca Da Inugu: Yadda Rufe Hanya Ya Ta Da Farashi Ya Kuma Hana Zuwa Gida

A kowace shekara, da zarar azumi ya kai kwana ashirin, tashoshin manyan motoci a Fatakwal da Anaca da Inugu sukan cika maƙil da Hausawa mazauna waɗannan garuruwa masu haramar tafiya Arewa domin yin Salla a gida. A shekarar 2020 ba a ga wannan cunkoso ba. An ɗauki azumi ran 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu, kuma duk tsawon wannan lokaci iyakokin jihohi a rufe suke saboda annobar korona. Fatake da 'yan gwari da mahauta da 'yan tireda da 'yan cirani sun yi Salla a inda dokar ta riske su, ga ciniki ya tsaya, ga kuma farashin abinci yana ta hawa.

Abin da ya faru a wannan shekara ya cancanci nazari daga 'yan kasuwa, domin ya nuna a fili cewa kaso mai yawa na kuɗin da ake sayen rago ko kwandon tumatir a Kudu maso Gabas kuɗin hanya ne, kuma tafiyar da ɗan kasuwa yake yi gida da Salla wani sashe ne na harkar kasuwancinsa.

Yadda aka rufe hanyoyi

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Gwamnonin jihohi ba su jira Gwamnatin Tarayya ba. Gwamnan Jihar Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya rufe iyakokin jiharsa daga ran 26 ga Maris, sa'an nan ya bi da rufe kasuwanni. Kafin watan ya ƙare, Gwamna Willie Obiano na Anambara da Gwamna Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu su ma sun rufe iyakoki da manyan kasuwanni, har da babbar kasuwar Anaca. Daga baya ma an kafa ƙofar ƙarfe a bakin gadar Kogin Kwara ta ɓangaren Anaca.

Ran 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe wadda ta fara aiki ran 4 ga Mayu, ya kuma sa Kano cikin kulle na mako biyu. Ran 7 ga Mayu aka kulle Fatakwal da Obio/Akpor baki ɗaya. Watau a tsakiyar azumi, lokacin da ciniki ya fi kankama, kasuwar da ake ɗauko kaya da kasuwar da ake sauke su duka a rufe suke.

A rubuce, dokar ta ware motocin abinci da dabbobi daga cikin waɗanda aka hana wucewa. A kan hanya kuwa labari ya sha bamban. Tirelar da ta taso daga Potiskum ko Wudil ko Maigatari za ta ratsa jihohi da dama kafin ta bi ta Makurɗi da Obollo-Afor ta iso Inugu, ko ta bi ta Lokoja da Asaba ta tsallaka zuwa Anaca, kuma kowace jiha tana da nata shinge da nata fahimtar dokar. Ƙungiyoyin direbobi da na fatake sun yi ta kokawa game da tsayar da motoci na tsawon kwanaki da kuma kuɗin da ake karɓa kafin a buɗe shinge.

Wata matsalar kuma ita ce ta mutanen da ke bin kaya. Motar shanu ba ta tafiya sai da masu kula da su, waɗanda za su ta da saniyar da ta kwanta kada sauran su tattake ta. A watan Mayu hukumomi a Ribas da Inugu da Abiya sun yi ta kama motoci bisa zargin ɓoye fasinjoji a cikin dabbobi da buhuna, a daidai lokacin da ake fargabar yaɗuwar cutar daga Kano. Wannan ya sa duk motar da ta fito daga Arewa ta zama abin zargi, ko da kuwa mutanen da ke cikinta masu kayan ne.

Inda tsadar ta samo asali

Farashin kaya a Kasuwar 'Ya'yan Itace ta D-Line a Fatakwal, ko a kara ta Lokpanta da ke kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, ko ta Amansea kusa da Awka, ya ƙunshi abubuwa huɗu: kuɗin saye a Arewa, kuɗin mota da na hanya, asarar da ake tafkawa kafin a iso, sai la'adar dillali da ribar mai kaya. Annobar ba ta taɓa na farkon sosai ba, hasali ma manoman rani da yawa sun karya farashi a gona saboda rashin masu ɗauka. Na biyu da na uku su ne suka kumbura.

Tumatir da attarugu ba sa jiran kowa. An saba tafiya da su cikin dare domin sanyi, kuma kwana ɗaya na ƙari a bakin shinge cikin zafin watan Afrilu ya isa ya ruɓar da kashi mai yawa na lodin. Abin da ya tsira shi ne zai biya kuɗin wanda ya lalace. Haka dabba: kowane yini a kan mota rama ce, ga kuɗin dusa da harawa da ruwa, ga wadda za ta mutu ko a yanka ta a sayar a wulaƙance.

Akwai kuma batun lodin komawa, wanda mai saye a kasuwa bai cika lura da shi ba. Tirelar da ta kawo albasa ko wake takan koma da manja ko katako, ko takalma da tufafi da kayan gyaran mota daga kasuwannin Anaca da Ariariya ta Aba, waɗanda 'yan kasuwar Arewa ke sara domin cinikin Salla. Da aka rufe waɗannan kasuwanni, direba ya san wayam zai koma, don haka ya ɗora kuɗin zuwa da dawowa a kan mai albasa. Wannan shi ya sa kuɗin dako bai sauka ba duk da cewa gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga Naira 145 zuwa 125 a watan Maris.

Bugu da ƙari, annobar ta tarar da kasuwa ta riga ta jigata. Tun watan Agusta na 2019 iyakokin ƙasa suke rufe, abin da ya rage shigowar shinkafa da kuma dabbobi daga Nijar ta Illela da Maigatari, kuma ba a buɗe su ba sai ran 16 ga Disamba, 2020. An ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari daga ran 1 ga Fabrairu. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, Babban Bankin Nijeriya ya karya darajar Naira daga wajen 307 zuwa 360 a kan Dala ɗaya a watan Maris, daga baya ta kai wajen 380. Shadda da yadi da sauran kayan Salla da ake shigowa da su daga Sin duk sun ji a jikinsu.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta kai kashi 15.04 cikin ɗari a watan Mayu, 15.48 a Yuli, ta kuma kai 19.56 a Disamba, watau lokacin Kirsimeti, wanda shi ne babban lokacin cinikin shanu da awaki da kayan miya ga Hausawan da ke kasuwanci a ƙasar Ibo. A watanni uku na biyu na shekarar tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.10 cikin ɗari, a na uku da kashi 3.62. Ma'ana, kaya sun yi tsada a daidai lokacin da aljihun mai saye ya bushe, don haka tsadar ba ta zama riba ga mai sayarwa ba.

Abin da fasa tafiya ya jawo

Ga mazaunin Fatakwal ko Anaca, zuwa gida da Salla ya wuce gaishe da iyaye da ba yara goron Salla. Lokacin ne ake zama da ubangida a yi lissafin shekara, a biya bashin kayan da aka karɓa bisa amana, a ƙulla sabon ciniki. Ƙaramar Sallar 2020 ta faɗo a bakin damina, lokacin da 'yan cirani, irin su masu yankan farce da masu gyaran takalma da 'yan ga-ruwa da 'yan dako, suke komawa da ɗan abin da suka tara domin sayen taki da iri su shiga gona. Wanda ya maƙale a Kudu ya ci guzurinsa a zaune, gonarsa kuma ta jira shi.

Ga ɗan kasuwa mai jari, asarar ta fi fitowa a uwar kuɗi. Kuɗin hayar rumfa da abincin yaran shago ba su tsaya ba don an rufe kasuwa. Mahauta da masu tsire, waɗanda cinikinsu na dare ne kuma ya dogara da otal-otal da wuraren shaƙatawa, dokar hana fita ta kashe musu kasuwa. Da mahauci ya kasa biyan dillali, dillali ya kasa biyan bafatake, bafatake kuma ya kasa komawa kara a Arewa. Ciniki irin na amana, wanda ba ya bukatar takarda ko lauya, yana tafiya daidai ne muddin kuɗi na juyawa a kan lokaci.

An ɗage dokar hana shiga jihohi daga ran 1 ga Yuli, wata guda kafin Babbar Salla wadda aka yi ran 31 ga Yuli. Sai dai kwamitin shugaban ƙasa kan annobar, ƙarƙashin Boss Mustapha, ya gindaya sharaɗin cewa motocin haya su ɗauki rabin fasinjojinsu kawai. Lissafin a bayyane yake: a ce motar safa mai kujera 50 tana bukatar Naira 500,000 kafin tafiya ta biya ta, kowane fasinja zai ba da 10,000; idan mutum 25 za ta ɗauka, sai kowa ya ba da 20,000. A cikin watan ne kuma aka mai da litar fetur sama da Naira 140. Da Ƙaramar Salla doka ce ta hana mutane tafiya, da Babba kuwa kuɗin mota ne, musamman ga mai iyali. Da yawa sun gwammace su aika da kuɗin layya gida, wasu kuma suka haɗa kuɗi aka yi watanda.

Masu hali ma ba su tsira ba. An koma jigilar jiragen sama ta cikin gida a Fatakwal da Kano ran 11 ga Yuli, amma filin jirgin Inugu, wanda aka rufe tun Agustan 2019 domin gyara, bai buɗe ba sai ƙarshen Agustan 2020. Ran 22 ga Yuni Saudiyya ta ba da sanarwar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi aikin Hajji, ta haka kujeru 95,000 na Nijeriya suka tashi a banza. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba maniyyata zaɓin karɓar kuɗinsu ko barin su zuwa wata shekara. Waɗanda suka bari sun jira har 2022, domin a 2021 ma ba a karɓi baƙi ba, kuma kafin lokacin darajar Naira ta ƙara faɗuwa, sai da suka yi ciko.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Gwamnati ta fito da tallafi, ciki har da rancen Naira miliyan dubu 50 na Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL, da asusun Naira miliyan dubu 75 na ceto ƙananan sana'o'i. Amma neman waɗannan kuɗaɗe ta intanet aka yi shi, kuma an bukaci asusun banki da lambar BVN, wani sashen ma har da rajistar kamfani. Bafataken da ke juya miliyoyi a aljihun riga, ba shi da wata takarda da ke nuna haka, bai cika sharaɗin ba. Wannan shi ne darasi na farko: rajista da asusun banki da littafin shiga da fita kariya ce ga jari a ranar da kasuwa ta tsaya.

Na biyu, waɗanda suka ci gaba da ciniki a lokacin kullen su ne masu amintaccen wakili a can da nan, waɗanda ke iya tura kuɗi ta banki, a yi lodi a Arewa, a sauke a Kudu ba tare da mai kaya ya hau mota ba. Raba tafiyar kaya da tafiyar mai kaya yana rage kashe kuɗi ko da babu annoba.

Na uku ya shafi ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa. Rajistar mambobi, da katin shaida ga masu bin dabbobi, da takardar lodi mai nuna yawan mutanen da ke cikin mota, za su rage zargi a shinge, su kuma ba shugabanni abin riƙewa idan sun zauna da gwamnatin jiha. Haka nan asusun ko-ta-kwana na ƙungiya ya fi ƙarfin adashin mutum ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ran 5 ga Mayu, 2023. Amma ambaliya ko rikici ko karyewar gada suna iya datse hanyar Makurɗi ko ta Lokoja a kowane lokaci, kamar yadda ruwa ya shafe hanyar Lokoja a watan Oktoba na 2022 motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ɗan kasuwar da ke zaune a Fatakwal ko Anaca ko Inugu zai kyauta wa kansa idan ya ware kuɗin zaman wata biyu babu ciniki, ya kuma sayi kayan da ba sa lalacewa, kamar wake da busasshen barkono da shinkafa, tun kafin azumi ya kama.