Guguwar Rana: Daura Ba Ta Ganin Haskenta, Amma Rediyonta Na Jin Ta

A daren 10 ga Mayu, 2024, mutanen Ingila da Amurka har zuwa Meziko sun fito waje suna ɗaga kai. Sama ta rine da kore da ja, haske yana kaɗawa kamar labule. Turawa na kiransa aurora. A Daura kuwa, daga rijiyar Kusugu har ƙofar fada, sama ba ta sauya launi ba.

Rana ce sanadi. Takan yi aman ɓurɓushi masu ɗauke da lantarki, cikin kwana ɗaya zuwa uku su iso duniya; wannan ce guguwar rana. Maganaɗisun duniya sai ya karkata su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, inda suke karo da iskar oksijin a tsawon kilomita 100 zuwa 300: kore daga ƙasa, ja daga sama. Daura tana digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, ta yi nisa da wajen.

Amma fa ba ta tsira ba. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, rediyon gajeren zango ke kawo wa mutanen karkara labaran duniya, kuma muryar sai ta bugi wani rufin iska mai lantarki can sama kafin ta sauko. Idan rana ta yi wannan aman, rufin yakan birkice. Dattijo a gindin darbejiya ya ja eriya, ya murɗa, ya cire batir ya mayar, shuuu kawai yake ji, alhali rediyonsa lafiya lau take.

Akwai wanda ya fi wannan. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, shi ya sa bayan magariba rufin nan kan hargitse ko babu guguwa, GPS ya riƙa kuskuren wuri. Masu awon filaye da injiniyoyin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura, da GPS suke aiki. Wutar lantarki ma guguwar rana ba ta bar ta ba: a Maris na 1989 lardin Kibek na Kanada ya yi awa 9 babu wuta, a 2003 kuma taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, na da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba, jihar Kogi. Ya dace Jami'ar Sufuri ta Daura ta haɗa hannu da ita, gidajen rediyon Katsina kuma su riƙa sanar da guguwar rana da Hausa yadda suke sanar da hasashen damina.