Matsalar wutar mota: Yadda ake gano ta kafin ta tsayar da direba a hanyar Faskari

A yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mutuwar mota a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Direban da ya taso daga Funtuwa ya nufi Sheme ko 'Yankara, ko wanda ya bi ta Dandume zuwa Sabuwa, ya san akwai wuraren da ba a son tsayawa ko na minti biyar saboda 'yan bindiga.

A watan Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da waɗannan ukun, wanda motarsa ta mutu a daji ko bakanike ba ya iya kira. Layuka sun dawo, amma har yau tsofaffin motoci irin su Golf 3, wadda Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991, su ne ke jigilar mutane da buhunan masara. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe su ba shiri shi ne ɗaukewar wuta.

Yadda wutar ke aiki

Batir na bayar da bolt 12. Kwayil ne ke ɗaga shi zuwa sama da bolt 20,000, distiributa kuma ta raba wa fulogai, su kunna fetur.

A tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kwantak ne ke sarrafa wannan aiki, kuma ana iya goge shi a bakin titi a ci gaba da tafiya. A Golf 3 mai distiributa kuwa, wata 'yar sansa ce a ciki ke sanar da ƙwaƙwalwar mota lokacin sakin wuta. Lalacewarta ba ta ganuwa da ido. Nan ne ake fara canki-canki: a sauya fulogi, a sauya famfon mai, kuɗi su ƙare, ciwo na nan.

Alamomin gargaɗi

Wuta kan yi gargaɗi kafin ta ɗauke gaba ɗaya. Idan mota na mutuwa bayan inji ya yi zafi, sannan ta tashi bayan ta huce, a zargi kwayil, sansa ko rile. Idan tana ƙin tashi da safiyar damina ko bayan wanki, wataƙila kwayil ko murfin distiributa ya tsage, danshi na shiga. Idan tana fizga a hawa da lodi, a duba fulogai da wayoyinsu.

Mataki-mataki

Tambayar farko: wuta ce ko mai? A murɗa makulli a saurari ƙarar famfon mai. Sannan a cire wayar fulogi ɗaya, a saka mata wani fulogi, a jingina shi da ƙarfen inji, a buga kik. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Kada a riƙe da hannu, kuma a nesanta shi da fetur.

Idan babu, a gwada babbar wayar da ta fito daga kwayil. In akwai wuta a nan, matsalar na murfin distiributa, rota ko wayoyi ce.

In babu, a duba fis, rile da wayar at, sannan a auna da mita ko bolt 12 na isa kwayil. Lafiyayyen batir na nuna kusan 12.6 a kashe, kusan 14 idan inji na aiki. Sai an tabbatar da duk wannan kafin a taɓa sansa. Ƙwaƙwalwa ce ta ƙarshe da za a zarga, domin ta fi tsada kuma ba ta cika lalacewa ba.

Kada a dogara da 'yar kwamfutar gwaji kawai. Sai a 2001 Turai ta wajabta tsarin gwaji na bai-ɗaya ga duk sababbin motocin fetur, don haka ƙananan na'urorin kasuwa ba lallai su karanta motar 1994 ba.

Kafin a bar gari

Ciwon da zafi ke tayarwa ba ya nuna kansa a inji mai sanyi. Bayan gyara, a bar mota a kunne a gareji na rabin awa, a kuma zaga da ita cikin gari kafin a ɗauki fasinja. Kwayil, rile da fulogi na ko-ta-kwana ba sa cin wuri a mota.

Shi ma fasinja yana da ta cewa. Motar da aka tura kafin ta tashi a tasha, ko take fizga tun ba a fita gari ba, ta riga ta faɗi halinta. Gara a makara a Funtuwa da a tsaya a daji bayan magariba.