Ranar da sunayen ɗalibai suka rikice a cikin kwamfuta

Hausawan da ke zaune daga Mai Wurno zuwa Dindir da rubutu biyu suke rayuwa. Tun da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, Larabci ya zama harshen takarda. Da shi muke koyarwa, da shi muke cika rajista. Boko kuwa, mai ƙ da ɗ da ɓ, ta waya ya fi shigo mana daga 'yan uwa na Kano da Maraɗi. Mutum ba ya jin nauyin wannan. Kwamfuta ce ke ji.

Wani matashi ɗan ƙauyenmu da ya karanci kwamfuta ya rubuta mana abin da suke kira rumbun umarni, wato tarin umarnin da aka shirya domin wata manhaja ta ara ta yi aiki da shi. Nasa yana karanta sunayen ɗalibai, ya tara maki, ya jera su. Ya haɗa shi da ƙananan gwaje-gwaje: a ba shi suna kaza da maki kaza, a ga ko zai fito da amsar da aka sani. A kan Windows duk sun wuce lafiya. Da aka ɗora shi kan wata tsohuwar kwamfuta mai Linux, sai wasu suka faɗi, alhali ko wasali ɗaya ba a taɓa ba. Ni aka kira na zauna kusa da shi, tunda na san yadda rajistar ya kamata ta fito.

Biyu daga cikin matsalolin ba su ɗauke mu lokaci ba. Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa tana bambantawa, don haka "Aji" da "aji" abu biyu ne a wurinta. Sannan Windows tana rufe kowane layi da alama biyu da ido ba ya gani, gadon tsohon injin buga rubutu, Linux kuma da ɗaya. Ragowar alamar sai ta maƙale a wutsiyar kalmar ƙarshe, "Dindir" ta ƙi zama daidai da "Dindir".

Ta uku ce ta ba mu ruwa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma kowane tsari da lambar da yake ba harafi. Windows ta ƙasashen Larabawa tana da tsohon tsari mai suna 1256, gurbi 256 kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Linux da wayoyin Android suna amfani da UTF-8, wanda aka ƙirƙira a 1992, mai ɗaukar Larabci da boko a fayil guda. Yaron ya yi rubutunsa da Python, ita kuma idan ba a faɗa mata tsarin da za ta bi ba, na gidan da ta tsinci kanta take ɗauka. Shi ya sa fayilolin da aka adana a Windows suka ƙi buɗuwa a Linux. Waɗanda aka adana a Linux kuma, da aka mayar da su Windows, sunayen suka koma jerin ط da ظ marasa ma'ana. Duk mai amfani da kwamfuta a Sudan ya taɓa ganin wannan shirmen, sai dai ya ce aljanu.

Wani abokin aiki ya ce a cire gwaje-gwajen da suka faɗi kawai, ai manhajar tana tashi. Ban yarda ba. Malamin da ya goge tambayar da yara suka faɗi, bai koya musu komai ba, sakamako kawai ya yi wa kwalliya. Kuma a nan maganar suna ake yi. Yaron da sunansa ya saɓa tsakanin rajista da takardar shaida, iyayensa ne za su yi ta zarya Sinja da kuɗin motar da ba su da shi.

Dabarar yaron ta burge ni. Ya rage fayil ɗin har ya saura suna ɗaya, ya ajiye kwamfutocin biyu gefe da gefe, ya duba ainihin lambobin da kowace ta ajiye. Nan take bambancin ya fito. Ya umarci rumbun ya riƙa karatu da rubutu da UTF-8 ko'ina ya je, ya juya tsofaffin fayiloli, ya ƙara gwaji mai ɗauke da Ɗ da Ƙ da Ɓ da sunan Larabci a layi ɗaya.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Sunayen da aka taɓa adanawa a tsohon tsarin, inda Ɗanladi ya koma ?anladi, harafin ya tafi ke nan, babu umarnin da zai dawo da shi. Waɗannan sai da muka ɗauko rajistar takarda muka sake shigar da su da hannu, yamma biyu cur.