Matasan Yamai da fim ɗin da ake shiga cikinsa

Akwai wani sabon salon ba da labari da ake kallonsa da tabarau mai rufe idanu ruf. Da zarar mutum ya ɗaura shi, sai ya tsinci kansa a tsakiyar wurin da aka ɗauka: ya waiga dama ga mai kilishi, ya ɗaga kai ga rumfa, ya juya baya ga yaro na tura amalanke. Kyamarar aikin idanu biyu gare ta ko fiye, kowanne na ɗaukar gefensa, daga baya kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama zagaye guda. Shi kuwa mai ɗauka, dole ya dasa kyamarar ya ruga ya laɓe, domin duk inda ya tsaya a fili za a gan shi.

Ƴan Afirka sun riga sun sa hannu a wannan sana'a. A 2017 ƙungiyar Electric South ta Afirka ta Kudu ta fitar da irin waɗannan finafinai daga Dakar, Akara da Nairobi. A 2019 ɗan Najeriya Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice da "Daughters of Chibok", wanda ke zaunar da mai kallo a gaban uwar da aka sace wa ɗiya. Sunan Yamai dai bai cika fitowa a irin waɗannan tarurruka ba.

Wanda ya ce rashin basira ne, bai san tarihin garin ba. Moustapha Alassane, haifaffen Ndunga a 1942, kanikanci ya koya kafin mai shirya fim Jean Rouch ya buɗe masa ƙofar silima, har ya je Kanada ya ga aikin gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1966 ya fitar da "Bon voyage Sim", zanen hannu mai motsi, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ana ta bushe-bushe da fareti. Ba'a ce ga sababbin shugabannin Afirka, kuma an yi ta da takarda da alƙalami da haƙuri, zane bayan zane. Shekara shida bayan haka Oumarou Ganda ya ɗauko babbar kyauta ta farko ta bikin finafinai na FESPACO da "Le Wazzou polygame". Abin lura shi ne, su biyun sun sami wurin zuwa, da kayan aro, da babba mai duba aikinsu.

Wannan ne ya yi ƙaranci a yau. Ɗinke hoton zagaye na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da za ta kwana tana aiki, ga shi wutar kamfanin lantarki na Nijelek ba ta da alkawari, musamman a watannin zafi. Kowa ya tuna halin da aka shiga a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take turowa. Tura fim ɗin ta intanet wani kashe kuɗin ne. Tallafin waje kuma da Faransanci ko Ingilishi ake neman sa, da doguwar takarda da lissafin kasafi, wanda tun a nan yake tankaɗe gwanin tatsuniya da bai yi nisa a lakwal ba, da ƴan mata da yawa, da ƴan Tawa da Agadas.

A ganina, horon kwana uku da aka saba yi a otal, a raba takardar shaida a watse, ɓarnar kuɗi ce. Matashi ya taɓa tabarau sau ɗaya, ba zai sake ganin sa ba. Da kuɗin ne aka keɓe ɗaki guda mai wutar sola, da kwamfuta biyu, da kyamarar da ake ara a mayar, da ya fi. Gine-ginen ma suna nan: cibiyar Oumarou Ganda, makarantar da a da ake kira IFTIC, da tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wadda aka sauya wa suna zuwa Moustapha Alassane a Oktoban 2024. Aïcha Macky ta bi ta IFTIC kafin ta yi "Zinder" a 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram da kyamara, inda baƙo ba zai sami irin amanar da ta samu ba.

Sai batun masu kallo. Tabarau mutum ɗaya yake ɗauka, mu kuwa a fada da ƙofar gida muke kallo, ana shan shayi ana musu. Sa'ar da aka yi, YouTube da Facebook suna nuna hoton zagaye a wayar salula, mutum na juya ta hoton na binsa. Duk wanda zai tallafa wa matashin Yamai, ya fara tambayarsa ko fim ɗin zai buɗe a ƙaramar wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu.