Tarin Alkamar Monet da Jita-jitar Dukiya a Bangon Ɗaki

Duk bayan 'yan shekaru sai an fito da wani tsohon kaya a ce arziki na ɓoye a cikinsa. An yi yayin keken ɗinki, an yi na dutsen guga mai gawayi, an yi na sulallan da. Yanzu hira ta koma kan zane. A fadar samari da saƙonnin WhatsApp ana yawo da hoton wani zanen gona da itatuwa, ana cewa Turawa na neman irinsa ido rufe, don haka duk wanda kakansa ya yi aiki a gidan kwamanda ko a mishan ya je ya binciki kayan gado. Wasu sun gaskata, wasu kuma sun ce ƙarya ce tun daga tushe, don babu mai hankalin da zai zuba miliyoyi a kan shafe-shafen fenti. Duka ɓangarorin biyu akwai inda suka kauce.

Maganar tsada dai gaskiya ce. A watan Mayun 2019, a gidan gwanjon Sotheby's da ke New York, an sayar da wani zanen Bafaranshe Claude Monet a kan dalar Amurka miliyan 110.7, wato sama da sefa miliyar 60 a canjin lokacin. Babu zinariya a jikinsa, babu sarki ko fada a cikinsa. Tarin damman alkama ne a gona, rana na shirin faɗuwa a bayansu, an zana su da fentin mai a kan ƙyalle a shekarar 1890.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne zaton cewa tsufa ne ya ba shi wannan daraja, sai kuma kasancewarsa aikin Bature. Da haka ne, da Faransa ta cika da attajirai. Dubban masu zane sun rayu a zamanin Monet, sun zana gonaki da koguna da fenti iri ɗaya da nasa, kuma har gobe ana baza ayyukansu a kasuwannin tsofaffin kaya ana sayarwa da 'yan kuɗi kaɗan. Abu biyu ne suka raba nasa da nasu: irin kallon da ya yi wa duniya, da kuma takardun da suka riƙe salsalar zanen tun daga hannunsa.

An haifi Monet a Paris a 1840, ya rasu a 1926. Lokacin da ya tashi, babban zane a cikin ɗaki ake yin sa, a kan labarin yaƙi ko na addini, a goge shi sumul har ba a ganin sawun buroshi. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun dalma mai laushi da ake matso fenti daga ciki, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa fita ƙauye. Sai Monet da abokansa irin su Renoir, Pissarro, Sisley da Berthe Morisot suka riƙa ɗaukar kayansu zuwa fili suna zana abin da ido ke gani kafin haske ya sauya. Hukumar baje kolin zane ta Paris ta sha mayar musu da ayyukansu, don haka a watan Afrilun 1874 suka shirya nasu baje kolin a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi musu ba'a cewa aikin bai kammala ba. Daga wannan ba'ar aka samo sunan Impresiyonis da ake kiransu da shi har yau.

Daga ƙarshen bazarar 1890 zuwa farkon 1891, Monet ya duƙufa a kan tarin alkamar da ke gonar maƙwabcinsa a ƙauyen Giverny. Ya zana su kusan sau 25: da hantsi, da la'asar, cikin raɓa, cikin ƙanƙara. Ba alkamar ce ta dame shi ba, hasken da ke sauka a kanta yake bi. Yakan jera ƙyallaye da yawa, in haske ya juya sai ya ajiye wannan ya ɗauki na gaba, washegari in lokacin ya zagayo ya koma kan na jiya.

A nan ne ya nuna abin da mutane ke gani kullum ba su lura ba: inuwa ba baƙa ba ce. In rana ta yi ƙasa, haskenta na ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin da ke cikinsa ya watse a sama, abin da ya rage ya zo ja-ja ko ruwan goro. Gefen da ke cikin inuwa kuwa ba ya samun wannan hasken, sai na sararin sama kawai, wanda shuɗi ne. Ido ma na ƙara nasa: launi biyu masu adawa in suka zauna kusa, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, kamar yadda masanin sinadarai Chevreul ya bayyana a 1839. Shi ya sa Monet ke ɗora ɗigon shuɗi da shunayya kusa da ja da rawaya ba tare da ya dama su ba. In ka matso, sai ka ga tabo-tabo. In ka ja baya taku huɗu ko biyar, sai gona ta bayyana da zafin ranarta. Wanda ya san saƙi ya san wannan: zare ne baƙi da fari masaƙi ya jera, a hannu kana iya ƙirga su, amma a jikin mai tahowa daga nesa sai ka ga launi na uku wanda babu shi a ƙoshiya.

Ba sai an je Faransa ba kafin a gwada. A kaka, bayan an ɗaure hatsi, mutum ya tsaya a gona a Kieshe ko Matankari da la'asar sakaliya, ya dubi inuwar dami a kan jan yashi. Bakinta zai ga shuɗi-shuɗi, tsakiyarta ta karkata zuwa shunayya, gefen zangarniyar da rana ke duka kuma kamar garwashi. Ya dubi dutsen Tozon Bijini da safe a damina, ya sake dubansa cikin hazon hunturu, zai ga dutse ɗaya da fuska biyu. Wannan ne Monet ya kama da fenti, kuma masu zanen da suka biyo bayansa da yawa daga nan suka ɗora.

Abu na biyu shi ne takarda. Zanen da aka sayar a 2019 an san duk hannun da ya ratsa. Dillalin Monet, Paul Durand-Ruel, ya sayar da shi ga iyalin Palmer na Chicago a farkon shekarun 1890. Ya zauna a gidansu har 1986, aka yi gwanjonsa a kan dalar Amurka miliyan 2.53. Yanzu yana rataye a gidan tarihin Barberini a Potsdam ta Jamus. Ayyukan Monet, wajen 2,000, suna cikin kundin da Daniel Wildenstein ya tattara, kowanne da lambarsa, girmansa da tarihinsa. Shida daga cikin tarin alkamar suna Chicago, ɗaya yana gidan tarihin Orsay na Paris, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar ma'ajiyar zane a 1986. Zanen da ba ya cikin kundi, babu babban gidan gwanjon da zai karɓe shi da sunan Monet. Ko ƙwararrun 'yan jabu ba sa tsira: Wolfgang Beltracchi na Jamus ya yi shekaru yana yaudarar masana, sai aka gano farin fentin titaniyom a zanen da ya ce na 1914 ne, alhali fentin bai shiga kasuwa ba a lokacin. A 2011 aka yanke masa ɗaurin shekara shida.

To yaya irin wannan zane zai zo nan Arewa, yankin Dogon Dutsi? A 1899, shekarar da Monet ke zana gadar lambunsa a Giverny, Faransawan da suka iso nan su ne rundunar Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙona Lugu a watan Afrilu bayan Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Waɗanda suka biyo bayansu sojoji ne da jami'an haraji, malaman makaranta da 'yan mishan, masu albashi, alhali tun lokacin attajiran Amurka ke rububin aikin Monet. Abin da suka bari a bango galibi kalanda ne da hoton bugu.

Gane bambancin ba wuya. A kashe fitila, a haska tocila daga gefe: fentin mai yana da tudu da kwari, sawun gashin buroshi na fitowa, kuma yana bin siffar abin da aka zana. A ɗauki hoton wani ɗan yanki da salula a ƙara girmansa: in aka ga ƙananan ɗigo a jere reras, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, aikin injin bugu ne. Ko da ya tabbata fenti ne na hannu, wannan bai wuce ya nuna cewa wani ya zana ba. Kuma duk wanda ya kira ya ce a turo kuɗin tantancewa ko na kwastan kafin mai saye ya iso, ɗan damfara ne, a kashe waya.

Abin da ya fi ciwo shi ne, muna neman taskar Turawa a bangon ɗaki alhali tamu na zubewa. Tukwanen tarihi na Bura da ke yammacin Nijar an yi ta haƙe su ana fitarwa a ɓoye, har suka shiga jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Nijar na da doka tun 30 ga Yunin 1997 a kan kare kayan tarihi, Lugu kuma na cikin jerin wuraren da ƙasar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Amma tsofaffin hotuna da wasiƙun sarakuna, kayan saƙa da na ƙira, suna cikin akwatuna gara na ci, babu wanda ya rubuta sunan mai su ko shekararsu. Faransawa ba su fi mu abin gado ba, rubutawa suka yi suka adana.

Ya kamata hukumomin gari a Dogon Dutsi, Tibiri, Geceme da Dankasari su fara da abu mai sauƙi: littafi ɗaya da za a riƙa rubuta kayan tarihin gidaje, da hotonsu da sunan wanda aka gada daga gare shi, kayan kuma su zauna a hannun masu su. Malaman makaranta su fitar da yara bakin Tapkin Saw da takarda da fensir mai launi. Ta fuskar addini ma mafi yawan malamai sun halatta zana itace, dutse da gona. Yaron da ya koyi kallon ƙasarsa da kyau, ya sa hannu da kwanan wata a ƙasan aikinsa, ya fara gina abin da jikokinsa za su iya tabbatar da asalinsa.